"Bayan mu, ina da ina ka ajiye takardu?" Yadda mai neman karatun likita zai amsa wannan tambaya

Da zarar sakamakon bak ya fito, shagunan intanet da wuraren fotokofi na cikin garin Maraɗi sai su cika maƙil. Yaron da ya ci seri D ko seri C, kuma yake da burin zama likita, ba ya ƙwanƙwasa ƙofa ɗaya ya koma gida ya zauna. Zai ajiye dosiye a jami'ar nan ta gida, ya aika wani Yamai ko Damagaram, yayansa da ke Kano ya ce masa ya gwada Najeriya, shi kuma da kansa ya cike takardar neman burs ta ƙasar waje a waya. Wannan ba laifi ba ne, ai zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Inda gizo ke saƙa shi ne ranar da aka kira shi ganawa ido da ido. An gama tambayarsa me ya sa yake son aikin likita, ya amsa lafiya lau, sai ɗaya daga cikin masu tantancewa ya ɗago kai ya ce: "To, bayan mu, ina da ina ka ajiye takardu?" A nan harshen yara da yawa ke sarƙewa. In ya faɗi gaskiya yana tsoron a ce ba ya son wurin. In ya ɓoye yana tsoron a kama shi. Saboda iyaye na Tsibiri da Jiratawa da ƙauyukan kewaye, da 'yan uwanmu mazauna waje waɗanda su ne kan biya kuɗin waɗannan takardu, muka ga ya dace mu warware wannan magana dalla-dalla.

A ina ake haɗuwa da wannan tambaya?

Shekarun baya, duk ɗan Maraɗi da ke son karatun likita a cikin ƙasa sai ya tafi jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 600. Yanzu ƙofofi sun ƙaru. Jami'ar Maraɗi, wadda aka kafa a shekarar 2010 kuma take ɗauke da sunan Dan Dikko Dankulodo, tana da sashen kimiyyar lafiya da ɗalibai ke kira FSS. Jami'ar Andre Salifu ta Damagaram ita ma tana da nata. Akwai kuma makarantu masu zaman kansu da ke koyar da fannonin lafiya, irin su jami'ar Maryam Abacha da aka buɗe a nan Maraɗi a shekarar 2013.

A jami'o'in gwamnati, abin da aka fi dubawa shi ne takardu: serin bak, makin da yaro ya samu a darussan kimiyya, da shekarunsa. Ganawa ta baki da baki ta fi yawa a wajen masu ba da burs na ƙasashen waje da wasu makarantu masu zaman kansu. Misali mafi kusa shi ne burs ɗin gwamnatin Turkiyya. Ana cike shi ta intanet a farkon shekara, cikin watannin Janairu da Fabrairu. Mai neman karatun digiri na farko sai ya kasance bai kai shekara 21 ba, mai neman fannin likita kuma ana buƙatar makinsa ya kai kashi 90 cikin 100. Wanda ya tsallake matakin takardu sai an gana da shi kafin a yanke hukunci, walau a zaune ko ta intanet.

Tambayar ba ta tsaya a ɗakin ganawa kawai ba. Wani lokaci a rubuce take cikin fom: "Ka taɓa neman wani burs? Kana da shi a halin yanzu?" Wani lokaci kuma jami'in da ke karɓar rajista ne zai jefo ta kamar hira. Ko ta wace hanya ta zo, amsar ɗaya ce, kuma gara yaro ya shirya ta tun daga gida.

Me suke nema su sani?

Duk wanda ya taɓa kai rago kasuwa ya san tambayar nan ta "nawa aka taya?" Mai saye ba don ya ci mutuncinka yake yi ba, so yake ya san inda cinikin ya tsaya. Haka masu tantancewa suke.

Da farko, gurabensu ƙididdigaggu ne. Ajin likitanci ba a cika shi kamar motar kasuwa, domin kowane ɗalibi sai ya sami wurin gwaji a ɗakin bincike da gadon majinyaci da zai koyi aiki a kai. In suka ba ka wuri ka ƙi zuwa, sun yi asarar gurbi, wani yaro kuma da ke jerin masu jira ya yi asarar shekara. Saboda haka suna son su auna: in mun ɗauke shi, zai zo?

Na biyu, suna son su gane ko likitanci kake so da gaske ko ko duk ƙofar da ta buɗe ita ce taka. Karatun likita shekara bakwai ne ko fiye. Wanda ya shigo don kawai an ce akwai burs, shi ne kan sare a shekara ta biyu.

Na uku, kuma wannan shi ya fi nauyi, suna kallon halinka. Gobe kai ne za ka tsaya gaban uwar da ke tambayar ko ɗanta zai tashi. Kai ne za ka rubuta a dosiyen majinyaci abin da ka ba shi da abin da ka manta. Mutumin da ya yi ƙarya a kan ƙaramar tambaya don ya tsira, me zai yi ranar da ya yi kuskuren allura? Wani mai tantancewar ma bai damu da sunan makarantun da za ka lissafa ba, so yake ya ga ko za ka natsu in an matsa maka.

Neman wuri fiye da ɗaya ba abin kunya ba ne

Yana da kyau yaranmu su san cewa a ƙasashen da suka daɗe da wannan harka, an ɗauki neman wurare da yawa a matsayin abin da kowa ke yi, har an tsara masa doka. A Ingila, ɗalibi na da damar zaɓar makarantun likita har huɗu a takarda ɗaya ta hukumar UCAS, wadda ake rufe karɓa ranar 15 ga Oktoba, kuma kowace jami'a ba ta ganin sauran wuraren da ya zaɓa a lokacin da take duba takardunsa. A Faransa, tsarin Parcoursup da aka fara a 2018 yana ba ɗalibi damar zaɓi har 10. A Amurka ana barin mutum ya riƙe tayin makarantu da dama na ɗan lokaci, amma zuwa 30 ga Afrilu sai ya tsaya a kan guda ɗaya. A tsarin da ake raba sababbin likitocinsu asibitocin ƙwarewa kuwa, an hana asibiti tilasta wa mai nema ya bayyana sunayen sauran wuraren da ya nema.

Maƙwabtanmu na Najeriya su ma suna da nasu. A takardar JAMB yaro na jera zaɓinsa, na farko da na biyu, kuma tun 2017 akwai tsarin da ake kira CAPS inda ɗalibi da kansa zai danna ya karɓi gurbin da aka ba shi ko ya ƙi. Shi ma burs ɗin Turkiyya yana ba mutum damar jera zaɓi har 12.

Abin da za a ɗauka a nan shi ne: masu tantancewa sun san ka nemi wasu wurare. Su ma haka suka yi a zamaninsu. Amma kada yaro ya tashi daga Maraɗi yana dogaro da cewa wata doka za ta hana a tambaye shi. Ya sa a ransa za a tambaya.

Amsar da muke ba da shawara

Ka faɗi gaskiya, ka taƙaita, sannan ka dawo da magana kan makarantar da kake zaune a gabanta. Ganawar kan kasance da Faransanci ko Ingilishi, amma ga ma'anar a harshenmu.

A ce yaro ne daga Tsibiri, an tambaye shi a ganawar wani burs na waje. Zai iya cewa: "Ranka ya daɗe, eh, na ajiye takarduna a sashen likitanci na jami'ar garinmu Maraɗi, da kuma Yamai. Likita nake son zama, shi ya sa ban tsaya wuri ɗaya ba. Abin da ya kawo ni wajenku shi ne..." sai ya faɗi dalili na gaskiya wanda ya bincika: asibitin koyarwarsu, ko fannin da suka yi suna a kai, ko shekarar koyon harshe da suke bayarwa kafin a fara karatu.

Ku lura, amsar ba ta wuce jimla uku ko huɗu ba. Bai musa ba, bai kuma zazzage jakarsa duka a kan tebur ba. Ba dole ne ka faɗi nawa kawunka ya biya, ko wa ya yi maka hanya, ko makin da wata makaranta ta ba ka ba. In ba ka son ambaton sunaye, kana iya cewa cikin ladabi: "Na nemi wasu makarantun likita biyu a cikin ƙasarmu, ina jiran amsarsu." Wannan gaskiya ce, kuma ta wadatar. Idan suka nace sai ka faɗi suna, to faɗi. Jayayya da mai tantancewa a kan abin da ba sirri ba ne ba ta da riba. In kuwa a rubuce tambayar take cikin fom ɗin da za ka sa wa hannu, babu zancen taƙaitawa, sai a cike komai yadda yake.

Idan suka ƙara tonawa

Sau da yawa tambayar farko share fage ce, na bayanta su ne masu zafi.

"Mu ne zaɓinka na farko?" In su ne, ka ce su ne, ka faɗi dalili. In ba su ba ne, kada ka rantse a kan abin da ba haka yake ba. Kana iya cewa: "Kuna cikin wurare biyun da na fi so. Abin da zai raba mini gardama shi ne kuɗin karatu da shawarar mahaifana." Babu mai hankalin da zai ga laifin ɗan manomi don ya ce sai ya duba aljihun gidansu.

"In mu da su muka ɗauke ka gaba ɗaya, ina za ka?" Wannan ita ce tambayar da ya kamata a gama da ita a gida tun kafin ranar. A zauna da uba da uwa da wanda zai ɗauki nauyi, a yanke: in Maraɗi da waje suka fito tare, wanne za a bi? Yaron da aka yi wannan zama da shi ba ya rawar murya. In har ba a yanke ba, ya ce: "Ban yanke ba tukuna, amma na yi muku alkawari ɗaya: ranar da na yanke zan sanar da ku nan take, ba zan riƙe muku gurbi a banza ba." Wannan alkawari ne da yake iya cikawa.

"Sun ba ka amsa?" In sun ɗauke ka, ka faɗa ba tare da fankama ba. In sun ƙi ka, shi ma ka faɗa a taƙaice, ka ƙara da abin da ka gyara tun daga lokacin. Rashin samun wuri a ajin da ɗaruruwa ke nema ba tabo ba ne.

"Mun ga ka nemi aikin jinya da aikin gona ma. To wanne kake so?" Yaranmu da yawa kan haɗa likitanci da karatun nas, ko ungozoma, ko ma fannin noma, don gudun zaman shekara guda a gida. Kada a ɓoye. A ce: "Likitanci ne burina. Sauran na nema ne don kada in zauna babu karatu in ban samu ba, saboda gidanmu ba za su iya ɗaukar asarar shekara ba."

"Garinku akwai makarantar likita, me ya sa kake son fita?" A nan ne wasu ke zamewa su fara kushe gida: babu kayan aiki, ana yawan yajin aiki, malamai kaza da kaza. Kul! Wanda ya zagi gidansu a gaban baƙo, baƙon ya san gobe shi za a zaga. Ka faɗi abin da kake fatan ƙaruwa da shi a can, ka bar na gida da mutuncinsa.

"In ka gama za ka koma ƙasarku?" Masu ba da burs suna yawan yin wannan. Yarinya daga Jiratawa tana da amsa a bakin ƙofarta: ga asibitin Danja kusa da su, inda ake kula da masu cutar kuturta da mata masu yoyon fitsari. Ɗan Tsibiri ya san yadda ake ɗauko mai naƙuda daga ƙauye zuwa asibitin uwa da yaro na Maraɗi cikin dare. Jihar Maraɗi ta haura mutum miliyan 3 da dubu 400 tun a ƙidayar 2012, ma'aunin da hukumomin lafiya ke amfani da shi kuwa shi ne likita ɗaya ga mutum 10,000. Wanda ya yi lissafi ya san aikin da ke jiransa. Amma nan ma a faɗi abin da ke zuci. In kana da niyyar ƙarin karatun ƙwarewa kafin ka dawo, ka faɗa.

Abubuwan da ke kayar da yaro

Mafi muni shi ne cewa "ku kaɗai na nema" alhali ba haka ba ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Malaman likitanci a ƙasar nan ba su da yawa, sun san juna, wani ma yana koyarwa a jami'a fiye da ɗaya. Burs ɗin da ƙasashe irin su Maroko da Aljeriya ke ba gwamnatinmu kuwa ta hukumar ANAB yake bi a Yamai, sunaye na haɗuwa a tebur ɗaya. Ko da ba a kama ka ba, amsar kanta ba ta yi maka ado ba: mai son likitanci da gaske ba ya jingina rayuwarsa a ƙofa ɗaya.

Sai kuma ƙarin gishiri. Wani zai ce ƙasa kaza ta riga ta ba shi wuri, don a ga shi mai tsada ne, kamar dillalin da ke ƙara kuɗin tayi. In aka ce ya nuna takardar fa? Ko kuma su ce: to madalla, tunda ka samu, bari mu ba wanda bai samu ba.

Haka nan ambaton manya. "Alhaji wane ne ya turo ni" ba amsa ba ce ga tambayar da aka yi maka, kuma takan ɓata wa masu tantancewa rai.

Kira ga iyaye da 'yan uwa mazauna waje

'Yan uwa da ke Kano, Legas, Abijan, Aljeriya, Saudiyya ko Turai, Allah ya saka muku da alheri, ku ne ƙashin bayan karatun yara da yawa. Amma ga wani abu da ke faruwa: yaya ko kawu ya karɓi hoton takardun yaro ta WhatsApp, ya cike masa fom a wurare uku ko huɗu, bai gaya masa ba. Ranar ganawa a tambayi yaron, ya ce wuri ɗaya ya nema, da zuciya ɗaya, alhali sunansa na wasu wurare. Ya zama maƙaryaci bai sani ba.

Don haka duk wanda ya nema wa yaro wuri ya sanar da shi: sunan makarantar, fannin da aka zaɓa, ranar da aka tura, da abin da aka rubuta a wasiƙar neman. Yaro ya sami ɗan littafi ya rubuta su duka, ya riƙe lambobin sirrinsa da adireshin imel ɗinsa a hannunsa, kada ya bar su wurin mai shagon intanet. A kuma yi hattara da masu cewa a ba su jika kaza su samo gurbi. Burs ɗin Turkiyya da muka ambata, alal misali, kyauta ake cike shi.

Iyaye na gida kuma, ko ba ku yi lakwal ba kuna da rawar takawa. Baba, ka zaunar da ɗanka bayan sallar isha'i, ka yi masa tambayar nan da Hausa: "In wurare biyu suka kira ka, ina za ka, kuma don me?" In ya iya ba ka amsa yana kallon idonka, zai iya ba kowa. Sannan ya nemi malaminsa na lise ko wani ɗalibin FSS su maimaita da Faransanci ko Ingilishi har bakinsa ya saba. Ga 'ya'ya mata, a gama maganar tafiya nesa da zancen aure a cikin gida tun da wuri, don kada a bar yarinya tana in-ina a gaban baƙi a kan abin da ba ita kaɗai ke yanke shi ba.

Bayan an fito daga ɗakin

Gaskiyar da aka faɗa a ganawa sai an cika ta a aikace. In Allah ya sa wurare biyu suka fito, ba a tauna taura biyu a baki ɗaya. A zaɓi ɗaya, a tabbatar takardar ɗauka ta zo hannu a rubuce, a san wa zai biya kuɗin makaranta da masauki da abinci, sannan a sanar da ɗaya wurin cewa an janye. Kada a saki na hannu tun na wajen bai tabbata ba, domin biza kan makara, wani lokaci ma ba ta fitowa. Amma da zarar ya tabbata, a saki ɗayan cikin gaggawa. Wanda ke biye da kai a jerin masu jira wataƙila ɗan unguwarku ne, ko ɗiyar maƙwabcinku a Jiratawa wadda ubanta ya sayar da buhunan gero don haɗa mata dosiye.

Ga duk masu shirin ganawa a bana, muna yi muku fatan alheri. Ku tafi da takardunku na asali, ku isa da wuri, ku gaida mutane, in an tambaye ku ina da ina kuka nema ku faɗa kanku a tsaye. Allah ya ba da sa'a, ya sa ku dawo ku amfani jama'arku.